Tambayoyin Masu Karatu: Direban Tirela da Iyalinsa

A wannan fitowa mun ware filin ga wasiƙu uku da suka zo mana daga cikin garin Kaduna, kuma dukkansu sun shafi gidajen da maigida yake neman abinci a bisa babbar mota. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda suka nema.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni matar aure ce a Rigasa, maigidana direban tirela ne, yana ɗaukar hatsi daga nan Arewa zuwa Legas, ya dawo da kayan masarufi. Tun da aka yi aurenmu, kwanakin da yake yi a hanya sun fi waɗanda yake yi a gida, kuma har yanzu Allah bai ba mu haihuwa ba, saboda haka zaman kaɗaici ya ishe ni. Ina ganin bidiyon wasu ma'aurata a Amurka da suke tafiya tare a babbar mota, a ciki suke kwana, a ciki suke dafa abinci. Na roƙe shi ya riƙa tafiya da ni, ya ce hanya ba wurin mace ba ce. Gaskiyarsa ce, ko kuwa akwai abin da yake ɓoye mini?

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya yi wa aurenku albarka, ya ba ku zuriya ɗayyiba. Abin da kika roƙa ba abin kunya ba ne, kuma macen da take son kusantar mijinta ba ta yi laifi ba. Sai dai kafin ki yanke wa maigidanki hukunci, ya kamata ki san abin da ya sa ma'auratan da kike kallo suke iya irin wannan rayuwa, sannan ki auna shi da hanyar da shi yake bi.

A Amurka doka ta ƙayyade wa direban babbar mota awa 11 na tuƙi, bayan haka dole ne ya huta awa 10 kafin ya sake riƙe sitiyari. Wannan ne ya sa kamfanoni suke son direbobi biyu a mota ɗaya, domin idan wannan yana tuƙi wancan yana barci, mota ba ta tsayawa sai shan mai, kaya kuma su isa da wuri. Da yawa daga cikin matan da kike gani direbobi ne masu lasin kansu, ana biyansu kamar yadda ake biyan mazansu, ke nan aiki ne ya kai su. Bayan wannan, kan motar tasu an ƙera shi da ɗan ɗaki mai gado da firiji da wurin ajiye tufafi, kuma a bakin manyan hanyoyinsu akwai tashoshin manyan motoci masu makewayi da wurin wanka mai ƙofa da injin wankin kaya. Rayuwar tasu a kan waɗannan abubuwa ta tsayu, kuma ko su ɗin mai ɗaukar bidiyo ba ya nuna miki gajiyarsu da saɓaninsu.

To, bari mu bi maigidanki daga Kaduna. A da, hanya mafi kusa zuwa Legas ita ce ta Birnin Gwari da Tegina zuwa Mokwa, amma lalacewar titi da matsalar 'yan bindiga sun sa direbobi da yawa suka koma bin hanyar Abuja, su wuce Tafa, su karya a Dikko, su bi Lambata da Bida su faɗa Mokwa. Daga nan sai a haye kogin Neja a Jebba, a wuce Ilorin da Ogbomosho da Oyo da Ibadan, a yada zango a Ogere kafin a shiga Legas. Idan hanya ta yi kyau, mota mai lodi takan yi kwana biyu ko uku. Idan damina ta yi ƙarfi, ko wata tirela ta faɗi ta tare titi tsakanin Lambata da Bida, sai a yi kwanaki a wuri ɗaya, babu gaba babu baya. Lokacin da gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a shekarar 2017, manyan motoci sun daɗe a jere kafin a samar musu mafita. Isa Legas ɗin ma ba shi ne ƙarshen jira ba, domin akwai layin sauke kaya, sannan akwai zaman neman lodin dawowa a hannun 'yan kamasho, wanda yakan ci mako guda. Masu shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa kuwa, tun daga 2021 sai sun jira an kira motarsu ta tsarin da ake kira Eto.

Duk wannan zaman, a ina mace za ta yi shi? Kan tirela kujeru biyu ne da ɗan siririn gado a bayansu, wani lokaci da labule. Maigidanki ba shi kaɗai yake ciki ba, yana tare da yaron mota, wani lokaci biyu, kuma ba muharramanki ba ne. Idan dare ya yi, yaron yakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ko ya hau saman tamfol, amma ranar da aka yi ruwa dole kowa ya shigo ciki. Namiji yana iya ɗaukar buta ya zaga bayan taya ya biya buƙatarsa, ya yi wanka da rabin bokiti a gindin mota kafin gari ya waye. Ki yi tunanin kanki da ƙarfe uku na dare a wurin da motoci suka yi sahu-sahu, maza ko'ina, hasken mai shayi ne kaɗai a kusa, ga shi kina buƙatar makewayi. Ki ƙara da kwanakin al'ada, ki ƙara da yiwuwar ƙaramin ciki, wanda girgizar mota a kan ramuka ba za ta yi masa daɗi ba. A ganina wannan kaɗai ya isa hujja, tun kafin a zo maganar tsaro.

Akwai kuma ranar lalacewar mota, wadda babu direban da ya tsira daga gare ta. Sifirin ya karye ko kuloci ya ƙone a tsakiyar daji, yaron mota ya sauko ya cusa weji a ƙarƙashin tayoyi, ya karyo ganye ya jera a kan kwalta domin masu tahowa su rage gudu. Daga nan dole ɗaya ya tsaya gadin kaya, ɗaya ya hau wata mota zuwa gari mafi kusa neman bakanike da kayan gyara, kuma sau da yawa sai an jira mai mota ya turo kuɗi. Idan kina tare da su, maigidanki zai rasa yadda zai yi: ya bar ki a daji da yaro, ko ya tafi da ke ya bar amanar mutane ta miliyoyin naira a hannun yaro shi kaɗai. Kowane ya zaɓa, hankalinsa ya rabu biyu.

Kada kuma ki manta cewa motar, a mafi yawan lokuta, ba ta direba ba ce. Manyan kamfanoni sun hana direbobinsu ɗaukar duk wanda ba ma'aikacin motar ba, kuma suna bin sawun motocinsu da na'ura. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana yaƙi da ɗaukar fasinja a motocin kaya, kuma idan tsautsayi ya faru, inshorar mota ba lalle ta san da zamanki a ciki ba. Mutum yana iya rasa aikinsa a kan wannan.

Saboda haka amsata ita ce maigidanki yana da gaskiya a kan cewa kan tirela ba zai zama miki gida ba, kuma ƙin da ya yi, shi kaɗai, ba shaida ba ce cewa yana ɓoye wani abu. Inda ban goyi bayansa ba shi ne rufe maganar da jimla ɗaya. Mace ta ce kaɗaici ya dame ta, wannan kuka ne da ya cancanci a zauna a saurare shi, a nemi magani tare. Idan mai mota ya yarda, ban ga aibu ba ku yi gajeriyar tafiya guda da rana, kamar daga Kaduna zuwa Kano lokacin rani, wadda za a iya gama ta a yini ɗaya, ki sauka a gidan 'yan'uwa idan an isa. Gani ya kori ji. Za ki ga yadda yake kokawa da giya a kan hawa, yadda ake tsayar da shi a shingayen bincike, yadda zafin inji yake dukan ƙafafunsa, kuma daga ranar za ki fahimci dalilin da yake shigowa gida ya faɗi ya yi barci kafin ya gama cin tuwo. Idan kuwa tankar mai ce yake ja, ko wannan gajeriyar tafiyar ban ba da shawara ba.

Game da kaɗaicin kansa, ku duba ko za a samo miki ƙanwa ko 'yar riƙo ta zauna tare da ke, ki kuma nemi abin da zai cika miki yini, ko makarantar Islamiyya ta matan aure, waɗanda Rigasa ba ta rasa su ba, ko wata sana'a ta cikin gida. Batun haihuwa kuma ku je asibiti ku biyu, domin likita yana iya nuna muku kwanakin wata da ya fi dacewa maigida ya kasance a gida, shi kuma ya roƙi ubangidansa a daidaita masa tafiya a kan haka. Direbobi da yawa ba su san cewa yawan rashin haɗuwa a lokacin da ya dace yana iya jinkirta samun ciki ba, alhali ma'auratan lafiyarsu ƙalau.

TAMBAYA: Malam, ni direba ne, gidana yana Tudun Wada. Ina jan tumatir da albasa, wani lokaci shanu, zuwa Kudu. Matsalata da uwargida ita ce waya. Idan ta kira ban ɗauka ba, sai ta ce ina Marabar Jos ko Tafa wurin wata. Idan na dawo a gajiye, maimakon sannu da zuwa sai rigimar kuɗin cefane. Wallahi ina ƙoƙari, amma abin ya fara sa ni jin nauyin dawowa gida. Ina mafita?

AMSA: Malam direba, sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare hanya. Na san irin lodin da kake ɗauka ba ya jira. Tumatirin da aka loda a kwanduna dole ya isa kasuwar Mile 12 da ke Legas kafin ya fara ruwa, shanu kuma idan suka daɗe a tsaye cikin mota sai wata ta durƙushe sauran su tattake ta, ga masu kaya a zaune a saman bodi suna ƙwanƙwasa maka ka ƙara wuta. Mai irin wannan aiki ba shi da hannun ɗaukar waya, kuma amsa waya ana tuƙi laifi ne a doka, balle ga wanda yake jan tan talatin a bayansa. A nan kana da hujja.

Amma ka tsaya ka dubi abin ta wajenta. Sunan da Marabar Jos da Tafa suka yi a bakin mutane ba uwargidanka ce ta ƙirƙiro shi ba, kuma kai ka fi ni sanin cewa wasu abokan aikinka sun ba da dalilin zargin, ko da yake akwai dubban direbobi da ba abin da yake tsayar da su a can sai salla da abinci da mai faci. Matar da take zaune a gida, waya tana ta ringin ba a ɗauka, abu biyu ne yake zuwa mata: ko haɗari, ko wata mace. Sau da yawa zargin da take furtawa tsoro ne ya sake kama, domin ya fi mata sauƙi ta ce kana wurin wata da ta ce wataƙila kana kwance a gefen titi.

Maganin wannan yana hannunka, kuma ba shi da tsada. Ka riƙa riga ta kira. Duk inda ka tsaya sallar asuba da inda ka tsaya da magariba, ka kira ta ko na minti biyu ne, ka faɗa mata garin da kake da inda kake sa ran kwana, ka kuma gaya mata tun da wuri idan za ka shiga yankin da babu sabis. Ka ba ta lambar yaron motarka da ta mai mota da lambar motar kanta, ta rubuta ta ajiye, ka sanar da ita cewa 122 ita ce lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra. Macen da ta san inda za ta tambaya idan shiru ya yi yawa ba ta kwana tana saƙe-saƙe.

Batun kuɗi kuwa, a nan ne nake ganin gidajen direbobi da yawa suke samun tangarɗa. Direba yakan bar kuɗin cefanen kwana biyar domin a lissafinsa tafiyar kwana biyar ce, sai hanya ta mai da ita kwana goma sha biyu, matar ta shiga cin bashi a wurin mai shago da maƙwabta, ta sha kunyar da shi bai gani ba. Ka daina lissafi da kwanakin da kake fata, ka yi da waɗanda ka saba yi idan abu ya ɓaci. Idan an biya ka, ka sayi buhun masara ko shinkafa da mai da gawayi ka ajiye, tun da kai kake ratsa kasuwannin da suka fi araha, sannan ka buɗe mata asusu ko ka san mai POS na unguwa da za ka riƙa turo mata ta hannunsa. Kuma ka raba kuɗin hanya da kuɗin gida, domin abin da ubangida ya ba ka na gas da shingaye ba naka ba ne, in ka haɗa su wuri ɗaya ƙarshenta kowane ɓangare zai yi giɓi.

Akwai magana ɗaya da ba ka tambaya ba amma ba zan iya tsallake ta ba. Masu jan kayan gwari ne aka fi jarabta da abin hana barci, daga goro da shayi mai kauri har zuwa tiramol da sauran ƙwayoyi. Ƙwaya ba ta biyan bashin barci, ɓoye shi kawai take yi, kuma ranar da jiki ya karɓi haƙƙinsa, yakan karɓa ne a kan sitiyari. Tana kuma sa saurin fushi, wanda a kan iyali yake sauka idan an dawo gida. Idan ido ya fara yaji, ka sami wuri mai jama'a ka faka, ka yi barcin awa ɗaya, masu kaya su yi ta faɗa. Idan kuma an taɓa samun kuskure a hanya, tsakaninka da Allah, to ka je a gwada jininka kafin ka kusanci iyalinka, domin gwajin cutar ƙanjamau da na ciwon hanta ana yin su a asibitocin gwamnati cikin sirri. Ranar da ka dawo kuma, ka roƙi uwargida ta ba ka daren farko ka huta, a ajiye lissafi sai da safe, amma da safen ka zauna da gaske a yi shi, kada ka fice zuwa Panteka wurin gyaran mota ka bar ta da maganar a baki.

TAMBAYA: Malam, ni amarya ce a Kakuri, angona direban kwantena ne. Wane irin guzuri zan riƙa haɗa masa wanda ba zai lalace ba? Sannan ya ce mini kullum ƙasaru yake yi a hanya, ko da ya yi mako a Legas. Hakan daidai ne?

AMSA: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Zafin da ke cikin kan mota ba ya barin abinci mai ruwa ya kwana, saboda haka ki fi ba da ƙarfi ga busasshe: dambun nama, soyayyen nama da aka tsane shi sosai, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, daƙƙwa, dabino, yajin daddawa da busasshen zogale wanda zai iya jiƙawa ya kwaɗa. Dafaffen abinci ki yi masa na yinin farko kawai. Ki tanadar masa jarkar ruwan sha mai tsabta da gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro da ciwon ciki ne suka fi kwantar da direbobi a zangon Kudu. Yawan zama da shayi mai sukari da lemon kwalba suna kawo ƙiba da hawan jini da ciwon sukari, don haka idan yana gida ki lallaɓa shi ya je a auna jininsa a kuma duba idonsa. Idan yana tafiya da ƙaramin risho, ya riƙa kunna shi nesa da tankin mota.

Batun salla kuwa, littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu ya kawo cewa wanda zai yi tafiyar mil 48, wato kimanin kilomita 80, zai yi ƙasarun azahar da la'asar da isha'i, raka'a biyu-biyu, ban da magariba da asuba. Kasancewar tafiya ita ce sana'arsa ba ta hana shi wannan sauƙi ba. Idan ya isa wani gari ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ko abin da zai kai salloli ashirin, sai ya cika sallarsa tun daga lokacin da ya ƙulla niyyar. Idan kuwa jiran lodi yake yi, kullum yana sa ran yau ko gobe za a sallame shi, to yana nan a matsayin matafiyi ko da zaman ya kai mako. Saboda haka abin da za ki tambaye shi shi ne ko yakan san tun farko cewa zai yi kwanakin, ko kuwa jira ne yake jan sa. Duk lokacin da hanya ta biyo da shi ta Kaduna ya shigo gida, ko da zai wuce Kano washegari, sallarsa cikakkiya ce, haka nan idan ya bi limami mazaunin gari a masallacin tasha, zai cika tare da shi.

Masu son aiko da tambaya a kan wannan batu ko waninsa suna iya rubutowa da Hausa ta adireshin mujalla, tare da ambaton unguwar da suke.